Darasi na Bakwai: Haska Ɗigon Ido Don Gane Ciwon Ido da na Ƙwaƙwalwa

Kowa ya ɗauki madubi, ko ya dubi idon wanda ke zaune kusa da shi. Za ku ga farin ido, ku ga zobe mai launin ƙasa da muke kira baƙin ido, sannan a tsakiyar zoben akwai ɗan ɗigo da ya fi ko'ina baƙi. A kan wannan ɗigo darasinmu na yau zai tsaya. Kafa ce a buɗe, ta nan haske ke bi ya isa bayan ido. Da rana tsaka faɗinsa milimita 2 zuwa 4 ne, cikin duhu kuwa yakan buɗe ya kai milimita 4 zuwa 8. Na tsofaffi ya fi na matasa ƙanƙanta, kuma wannan ba ciwo ba ne.

Abin da ya ba ɗigon nan daraja a wurin ma'aikatan lafiya shi ne ba ya bin umarnin mai shi. Mutum yana iya ɓoye ciwo don kunya ko jarumta, ya ce "da sauƙi" alhali babu sauƙin, amma ba shi da ikon hana ɗigon idonsa tsukewa in haske ya faɗa masa. Ko wanda ya suma, ba ya ji ba ya magana, idonsa na ba da amsa. Kayan aikin tocila ce kawai, gwajin kuma ba ya cin minti biyu. A ƙauyen da babu likitan ido, babu na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, sau da yawa wannan ɗan gwaji ne ke bambanta wanda zai iya jiran wayewar gari da wanda tilas a nemo masa mota a daren.

Hanyar da saƙon ke bi

Cikin zoben baƙin ido akwai ƙananan tsokoki iri biyu. Ta farko ta kewaye bakin ɗigon kamar mazagin wando: in ta ja, ɗigon ya tsuke. Ta biyu ta miƙe daga bakin ɗigon zuwa gefen zoben, in ita ta ja, sai ya buɗe.

Idan haske ya shiga, yakan sauka a kan wani siririn tantani da ke shimfiɗe a bayan ido. Daga nan jijiyar gani, wadda ita ce ta biyu cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga kowane ɓangaren ƙwaƙwalwa, takan ɗauki saƙon zuwa gindin ƙwaƙwalwa, sashen da ke haɗa ta da laka. A can saƙon yakan rabu, ya je dama ya je hagu, sannan jijiya ta uku ta kowane ɓangare ta dawo wa tsokar tsukewa da umarni. Saboda wannan rabuwa, in aka haska ido ɗaya duka biyun ne ke tsukewa, daidai wa daida. Ku riƙe wannan da kyau, don rabin darasin a kansa ya dogara: hanyar shiga daban, hanyar fita daban, kuma ido ɗaya ke ganin haske amma biyu ke amsawa.

Buɗewa tana da tata hanyar, doguwa mai kewaye-kewaye. Daga ƙwaƙwalwa take gangarawa cikin laka zuwa gindin wuya, ta fita ta gifta ta saman huhu, sannan ta hau tare da babbar jijiyar jinin wuya har ta iso ido. Ita ke ware ɗigon in mutum ya tsorata. Wannan doguwar tafiya ce ta sa ciwon da ke ƙirji ko wuya kan fara nuna kansa a ido.

Yadda ake gwajin

A saki labule ko a tura ƙofa, ɗaki ya yi duhu-duhu amma ba dunɗum ba. A ce wa mara lafiya ya kafa ido a wani abu mai nisa, domin duban abu na kusa shi kansa yana tsuke ɗigo, sai ya rikita mai gwaji. Akwai wata wahala da ta shafe mu: baƙin idon yawancinmu mai duhu ne ƙwarai, har yakan saje da ɗigon. Maganinta shi ne a fara kawo hasken daga gefe ko daga ƙasa, kaɗan-kaɗan, har iyakar ɗigon ta fito. In babu ƙaramar tocila, fitilar waya ta wadatar. Amma tocilar nan mai fitar da jan ɗigon haske da yara ke wasa da ita, kada a kusantar da ita ga ido ko kaɗan, tana iya ƙona tantanin gani.

Duba ake fara yi kafin haskawa: girmansu ɗaya ne? A kewaye suke sosai, ko ɗaya ya karkace? Sai a haska na dama a ga ko ya tsuke da hanzari. A janye, a sake haska shi, amma yanzu na hagu ake kallo. A yi wa na hagu haka nan. Bayan wannan sai gwajin kai-komo: a tsayar da haske a ido ɗaya sakan 2 ko 3, a tsallake karan hanci da sauri zuwa ɗayan, a tsaya sakan 2 ko 3, a dawo, a yi ta haka sau da dama. Daga ƙarshe a ɗaga yatsa kamar taƙi ɗaya daga hancinsa, a ce ya bar duban nesa ya dubi yatsan. Idanu za su matso juna, ɗigon ya tsuke.

A tambayi shi ko danginsa: an ɗiga masa magani? An taɓa yi masa aikin ido, ko ya taɓa jin rauni a wurin? Idon roba ne? Duk waɗannan suna canja amsa. Sannan a rubuta abin da aka gani tare da lokaci, misali: "Dama milimita 3, yana tsukewa. Hagu milimita 3, yana tsukewa. Ƙarfe 9:15 na dare." Lokacin nan kada a raina shi. Gwaji ɗaya yana nuna halin da ake ciki ne kawai, gwaji biyu da aka rubuta lokacinsu su ke nuna inda aka dosa.

Wanda ya bugu a ka

Nan ne gwajin ya fi ceton rai, don haka za mu daɗe a nan. Ku ɗauki misalin ɗan acaɓa da ya faɗi ba hular kwano, gefen kansa ya daki kwalta. Ƙashin da ke tsakanin ido da kunne siriri ne, kuma a ƙarƙashinsa akwai jijiyar jini. In ƙashin ya tsage, jijiyar na iya yagewa, jini ya riƙa taruwa tsakanin ƙoƙon kai da rigar ƙwaƙwalwa. Abin da ke yaudarar mutane shi ne mutumin kan suma na ɗan lokaci, ya farfaɗo, ya yi magana garau, har ya ce a miƙo masa babur ɗinsa. Ana yi masa barka da arziki, jini na can yana taruwa.

Ƙoƙon kan babba ba ya buɗewa. Jinin da ya taru ba shi da inda zai je sai ya tura ƙwaƙwalwa gefe da ƙasa, ita kuma ta danne jijiya ta uku. Zaren da ke kai umarnin tsukewa a bayan jijiyar suke kwance, ba a tsakiyarta ba, saboda haka su ke fara jin matsi. Ɗigon idon da ke ɓangaren jinin zai fara nawa wajen tsukewa, sai ya buɗe, sai ya ƙi motsi sam. In ba a yi komai ba, ɗayan ma ya bi sahu. Tsakanin buɗewar na farko da na biyu lokaci ƙanƙane ne, kuma magani ɗaya ne: likitan tiyata ya buɗe ƙoƙon kai ya kwashe jinin. Waɗanda aka yi wa aikin da wuri da yawa sukan warke sarai.

Amma kada wani ya fahimci cewa sai ɗigo ya buɗe za a tafi asibiti. Buɗewar alama ce ta cewa an fara makara. Wanda ya suma bayan buguwa, ko yake amai, ko ciwon kansa ke ƙaruwa, ko barci ke rinjayarsa, ko jini ko ruwa ke fita ta kunnensa, asibiti ya nufa ko da idanunsa lafiya lau suke. A hanya kuma a riƙa duba su kowane minti 15. Al'adarmu ta "a bar shi ya huta" tana da kyau ga gajiya, ga buguwar kai kuwa ta sha jawo asara. Barcin ba laifi ba ne, laifin shi ne a bar shi har asuba ba wanda ya tashe shi ya ga ko ya san inda yake.

A asibitoci ana haɗa gwajin da wani ma'aunin suma da likitoci biyu, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka fitar a birnin Gilasgo a 1974. Ana ba da maki daga 3 zuwa 15 bisa buɗe ido, magana da motsi. A 2018 aka fito da ƙarin da ke cire maki ɗaya a kan kowane ɗigon da ya ƙi amsa haske. Ba buguwa kaɗai ke kawo wannan matsi ba: sanƙarau, fashewar jijiyar jini a ka saboda hawan jini, da ƙari a ƙwaƙwalwa duk suna iya yin haka.

Abin da kai-komo ke tonawa

A ce jijiyar ganin idon hagu ta lalace, ta dama lafiyarta ƙalau. In kun dubi mutumin haka kawai, ɗigon biyu girmansu ɗaya, domin idon dama na kai saƙo, umarni kuma na dawo wa duka biyun. Ba za ku ga komai ba sai kun yi kai-komo. Kuna haska dama, biyun su tsuke sosai. Kuna tsallakawa hagu, ƙwaƙwalwa ta ji kamar an rage haske, sai biyun su buɗe. Wato za ku ga ɗigo yana buɗewa alhali tocila na kansa. Likitoci na kiran wannan alama da sunan Marcus Gunn, wani likitan ido ɗan Sikotlan, kuma tana nuna lalacewar jijiyar gani ko ta babban sashe na tantanin bayan ido a ɓangare ɗaya: kumburin jijiya, rauni, ɓallewar tantani, toshewar jini, ko hawan jinin ido da ya fi cin ido ɗaya.

Ga inda wannan ya shafe mu kai tsaye. Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yanar ido ce ke kawo kusan kashi 43 cikin 100 na makanta a tsakanin masu shekara 40 zuwa sama, hawan jinin ido kuma kusan kashi 17. Yana ana cire ta mutum ya gani, abin da hawan jinin ido ya cinye kuwa ba ya dawowa. Yana tana dusashe gani, amma ba ta hana haske isa baya, don haka idon da yana kaɗai ke damunsa yana amsa tocila yadda ya kamata. In idon dattijo mai yana ya buɗe a kai-komo, akwai wata cuta a bayan yanar, kuma ya kamata iyalinsa su ji wannan daga bakin likita kafin su sayar da akuya don kuɗin aiki. Sai dai a kula: gwajin kwatanta ido biyu yake yi. In cutar ta ci biyun daidai, ba zai nuna bambanci ba. Saboda haka kyawun sakamako bai wanke mutum daga hawan jinin ido ba, wannan sai an auna a asibitin ido.

Biyun sun tsuke, ko biyun sun buɗe

In aka kawo mutum a sume, ɗigon idanunsa biyu sun ƙanƙance kamar ba su, guba za a fara tunani. Maganin feshin gona da fiya-fiya suna yin haka, tare da dalalar yawu, gumi, hawaye, gudawa da ƙarar majina a ƙirji. A cire masa tufafin da maganin ya taɓa, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a garzaya asibiti da kwalbar maganin a hannu. Kada a tilasta masa amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin suna iya sauka cikin huhu. A asibiti akwai allurar atirofin da ke karya wannan guba.

Kodin da danginsa su ma suna tsuke ɗigo, amma alamarsu ita ce numfashi a hankali ƙwarai, ba yawu da gumi ba. Gwamnatin Najeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun 2018, duk da haka bai ɓace daga hannun matasa ba. Shi ma yana da makari a asibiti, in an kai mutum da sauran numfashi. Zubar jini a gindin ƙwaƙwalwa kan ba da irin wannan ɗigo.

Akwai wani tarihi a nan da ya taɓa ƙasarmu. A 1863 wani likitan ido na birnin Edinbara, Douglas Argyll Robertson, ya nuna cewa ruwan wani wake mai guba da ake kawowa daga Kalaba yana tsuke ɗigon ido. Daga wannan wake aka samo ɗaya daga cikin magungunan farko na hawan jinin ido a shekarun 1870, kuma yadda yake aiki a jiki iri ɗaya ne da na maganin feshi. Likitan nan dai shi ne a 1869 ya bayyana ƙananan ɗigo da ba sa amsa haske amma suna tsukewa in an dubi abu na kusa, alamar da aka gane daga baya cewa ta tunjere ce da ya daɗe har ya kai ƙwaƙwalwa.

Buɗewar biyun kuwa, in ta zo da bushewar baki, zafin jiki ba gumi, sambatu da gane-gane, a tambaya ko ya sha zaƙami. Sau da yawa akan ɗauka iska ce ta buge shi, alhali guba ce da ke bukatar asibiti. Maganin da ake ɗigawa a asibitin ido kafin duba bayansa shi ma yana buɗe ɗigo na wasu awoyi, wannan ba abin tsoro ba ne.

In ɗaya ya fi ɗaya

Ba kowane bambanci ne ciwo ba. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ɗigon idanunsa ba daidai suke ba, da bambancin da bai wuce milimita 1 ba, wanda ba ya canjawa sosai a haske ko a duhu. Tsohon hoto kan nuna cewa haka yake tun da. In bambancin ya fi haka, ga ƙa'ida mai sauƙi: idan ya ƙaru a duhu, ƙaramin ne ya kasa buɗewa, idan ya ƙaru a haske, babban ne ya kasa tsukewa.

Ƙaramin ɗigo tare da ɗan saukar fatar ido, wani lokaci da rashin gumi a wannan ɓarin fuska, shi ne abin da Johann Friedrich Horner na ƙasar Suwizalan ya bayyana a 1869. Doguwar hanyar nan ta buɗewa ce ta yanke a wani wuri, kuma dalilin na iya zama ciwon daji a saman huhu ko tsagewar jijiyar jinin wuya. Babban ɗigo tare da fatar ido da ta rufe, idon ya karkata waje da ƙasa, mutum na ganin abu biyu-biyu, jijiya ta uku ce ta shanye. In ya zo farat ɗaya da ciwon kai, ana tsoron wata jijiyar jini ce ta kumbura tana shirin fashewa, kuma wannan na gaggawa ne a ranar. Ciwon suga ma kan shanye wannan jijiya, amma galibi yakan bar ɗigon lafiya. Akwai kuma babban ɗigo mai nawa da aka fi gani ga 'yan mata da matasan mata, wanda ba shi da haɗari, sai dai likita ne zai yanke wannan hukunci.

Jan ido da farin ɗigo

Ido ya yi ja, yana ciwo mai tsanani har da amai, gani ya dusashe, ɗigon ya buɗe rabi ya ƙi motsi: hawan jinin ido ne na farat ɗaya, yana iya makantarwa cikin kwanaki kaɗan. Ja da tsoron haske da ƙaramin ɗigo mai karkataccen baki kuwa kumburi ne a cikin ido. Duka biyun ba na ɗige-ɗigen gida ko na kemis ba ne.

Iyaye mata su saurari wannan. In ɗigon idon jariri ko ƙaramin yaro ya yi fari, ko yana ƙyalli da dare ko a hoton waya, a kai shi asibitin ido a makon. Yana iya zama yanar haihuwa, wadda jinkirin cire ta ke hana idon koyon gani. Yana iya zama ciwon dajin tantanin ido, wanda ke kama yara 'yan ƙasa da shekara 5, ana warkar da shi in an zo da wuri, yana kisa in an makara. Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin koyarwa suna duba irin waɗannan yara.

Iyakar tocila

Tocila ba ta faɗin sunan cuta, gaggawarta take nunawa. Wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa sashen gani a ƙeyarsa yana iya makancewa alhali ɗigonsa na tsukewa daidai, don haka kada a ce ƙarya yake yi. Kuma buɗaɗɗen ɗigo mara motsi shi kaɗai bai isa a ce mutum ya rasu ba, tun da guba da magani suna iya kawo shi. Sai ma'aikacin lafiya ya duba numfashi da bugun zuciya.

Aikin yi

1. Me ya sa haska ido ɗaya ke tsuke duka biyun?
2. An kawo yaro da ya faɗo daga bishiya. Da ƙarfe 4 ɗigonsa daidai suke, da ƙarfe 5 na dama ya fi girma kuma yana nawa. Me ke faruwa, me za ku yi?
3. Yaya za ku bambanta wanda maganin feshi ya kama da wanda ya sha zaƙami?

Ku zauna bibbiyu ku gwada a kan juna, sannan kafin darasi mai zuwa kowa ya duba idon mutum biyar masu lafiya a gidansa, da izininsu, yaro da babba da tsoho, ya rubuta girma da lokaci. Wanda bai saba da ido mai lafiya ba ba zai gane mara lafiya ba ranar da aka buga masa ƙofa da tsakar dare. Ku zo da tocilarku da abin da kuka rubuta.